Zancen Asusu: Kafin mu fidda kuɗi mu sayi zaren keken saƙa

Barkanmu da kaka, barka da ganin hatsi ya shiga rumbu. Muna gaida ƙungiyoyin cikin garin Dutsi, da na Matankari, Dankasari, Kore Mairuwa, Dumega da Tibiri. Iska ta fara juyawa, ɗari na bisa hanya, kuma mun san da yawa cikinku na shirin ɗaukar bashi cikin akwati don saƙar huluna da safa na yara. Shi ya sa wanga karo za mu ba ku labarin asarar da munka yi bara, don kada ta maimaitu gidan kowa.

Bara ƙungiyarmu ta sayi keken saƙa mai zagaye, irin na roba da ake juyawa da hannu, mai allura 48. Mata biyu cikinmu sunka ɗauki bashi na sayen zare. Munka ba wani mai zuwa Yamai sautu, abin da munka ce mishi kawai shi ne ya samo muna zare mai kauri, mai ɗumi, mai araha. Ya kuwa kawo shi cike da buhu, mai gashi-gashi, taushi kamar jikin ɗan kyanwa. Kowa ta taɓa sai ta yi guɗa.

Da munka ɗora shi bisa keke, zagaye uku hannun ya yi tauri. Munka ji ƙas-ƙas, munka ce sabunta ce, munka ƙara ƙarfi. Allura guda ta karye, saƙa ta warware. Kafin a samo wata allurar, rabin ɗari ya wuce. Lokacin biyan bashi kuwa bai jira kowa ba. Sai da ɗaya daga cikin matan ta fidda wakenta ta sayar tun bai yi daraja ba. Wata Inna cikinmu ta dube mu ta ce: "To mi kunka zata? Araha ba ta ado, ɗiyana." Laifin ba na ɗan sautu ba ne, namu ne duka, don ba mu san abin da za mu ce ya sayo ba.

Ga abin da munka gane daga baya. Mai saƙa da hannu ko da kwarashi, in zare ya yi kauri sai ta canza allura. Keke ba haka yake ba. Allurarsa ƙugiya ce mai girma ɗaya, tana hawa ta kamo zare ta sauka da shi, kuma tazarar da ke tsakanin allura da allura ba ta canzawa. Zare mai kauri ba ya shiga ƙugiyar duka, sai ya cije. Siriri kuma yana ba da saƙa mai huji-huji wadda iska ke ratsawa. Mai gashi yana sarƙewa, ba ki ma ganin inda ido ya zame. Don haka keke ake saya wa zare, abin da ya karɓa shi ne mai kyau.

Abu na farko, kauri. A nemi matsakaici, mai santsi, wanda anka murɗa da kyau, ba ya rarrabuwa in kin ja shi da farce. In ƙunshin na da takarda, a duba. Wasu kamfanoni na sa lamba cikin hoton ƙunshin zare: lamba 4 ita ta fi dacewa da irin wanga keke, 3 ma tana tafiya, 5 da 6 a bar wa masu saƙar hannu. Wata alama kuma tsawo ne: zare matsakaici, giram 100 yakan kai wajen mita 200. In takarda ta ce giram 100 mita 100 ne kawai, ya yi kauri. In babu takarda, ki naɗa zaren jikin biro, naɗi kusa da naɗi ba tare da matsewa ba, ki auna da abin awon ɗan lakwal. Cikin santimita 2 da rabi, in kin ƙirga naɗi 9 zuwa 12, kina kan hanya.

Abu na biyu, da mi anka yi zaren. Mu duka "ulu" muke ce wa kowane, amma yawancin na kasuwa na roba ne, wanda ake rubuta wa akirilik. A yanki ɗan guntu a sa mishi ashana, nesa da yara. Ulu na gaskiya, na gashin tumaki, yana warin ƙonannen gashi, tokarsa na murƙushewa a yatsa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule baƙi mai tauri. Na kaɗa yana ci kamar takarda ya bar toka mai laushi.

Kowane da halinsa. Na roba ya fi sauƙin kuɗi, yana ɗan miƙewa, keke na son shi, yana jure wanki. Amma a ji wanga da kyau: wuta na narkar da shi ya manne ga fata. Lokacin ɗari yaranmu bakin murhu suke kwana jin ɗumi. Duk wadda ta sayar da hula ko rigar sanyi ta roba, haƙƙi ne bisa kanta ta gaya wa uwar yaro. Ulu na gaskiya ya fi ɗumi, ba ya saurin kama wuta, sai dai tsada, ga asu na cin sa, kuma ruwan zafi na tsuke shi. Na kaɗa ba ya miƙewa, shi ya sa yake yawan zamewa daga allura, hularsa kuma ba ta kama kai. Abawar da kakanninmu ke kaɗi da mazari, darajarta na wurin masaƙa. Wani wuri kauri wani wuri siriri, keke ba ya yafe wannan.

Abu na uku, launi. A jiƙa guntun zare da ruwa da sabulu a goga shi jikin farin ƙyalle. In ya zuba, a bar shi, musamman ja da baƙi. Hula guda da ta ɓata rigar suna ta isa ta kore miki masu saye unguwa guda. Kuma in za a sayi launi ɗaya da yawa, a duba lambar rini, wadda ake rubuta wa "bain" ko "lot" bisa takarda. Lamba daban, launi na iya bambanta ko da ido bai gani ba cikin shago.

Sai kulawa. Kafin a fara, a warware ƙunshin a sake naɗe shi sako-sako, don zare ya riƙa zuwa ba da fizga ba. Nan ne za ki ga ƙulli in akwai, ki san da shi tun bai isa ga allura ba. A ajiye zare cikin bokiti mai marfi, keke kuma a rufe shi da zane, don ƙurar hunturu na shiga haƙoransa. In hannu ya yi tauri, a tsaya. Kada a ƙara ƙarfi kamar yadda munka yi.

Kada mu manta lissafi. Ki saƙa hula guda ki kai ta bisa sikeli. Hular babba mai ninki biyu takan ci kusan giram 100, ta yaro ƙasa da haka. Daga nan za ki san hula nawa ƙunshi ke bayarwa, ki ɗora kuɗin mota da ribar bashi da wahalarki, sannan ki yanke farashi. Ki kuma tuna girman keken: mai allura 22 na ƙananan abubuwa ne kamar safa, mai 40 ya fi dacewa da hular yara, mai 48 na manya.

Tun da anka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi cikin 1991, ƙarfinsa shi ne komi gaban idon kowa ake yi: zubi, ƙirga, bashi. Bana mun sa zare cikin wannan doka. Duk mai son bashin saƙa, ƙunshi ɗaya za ta fara saye. Ranar zubi ta zo da shi, a ɗora bisa keke gaban taro, a juya zagaye 20. In ya tafi lami lafiya, a yanki guntu a liƙa cikin littafin magatakarda tare da takardarsa, wani guntun kuma a ba ɗan sautu ya riƙe a hannu, ko Yamai za shi ko Ƙwanni. Sannan a buɗe akwati. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku tattauna wanga zance ranar zubinku, ku karanta wa waɗanda ba su yi karatu ba tukuna. Wadda ta gwada wani zare ya yi mata kyau, ta aiko muna guntunsa ta hannun shugabar ƙungiyarta, mu sanar da sauran. Allah ya sa albarka cikin akwatunanmu, ya kai mu ɗari lafiya. Sai fitowa ta gaba.