Kukan ƙafar mota: yaushe ya kamata a sake rulma?



A makon jiya wani dattijo maƙwabcinmu a nan Zango, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce in raka shi Mirya gaisuwar rasuwa. Motarsa Peugeot 504 ce mai ƙofa biyu, wadda Faransawa ke kira Coupé, kuma ba ya fito da ita sai da dalili. Mun bar gari ke nan sai na ji wani gurnani yana tasowa daga ƙasa, yana ƙaruwa da ƙaruwar gudu. Na ce: "Baba, ƙafar nan tana kuka." Ya ce: "Ɗana, iska ce. Motar da ta ci tseren Safari ba za ta gaza a hanyar Mirya ba."

A batun tarihi dattijon bai yi kuskure ba. An fito da 504 a Faransa a 1968, mai ƙofa biyun ta biyo baya a 1969. Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504 a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, sannan Jean-Pierre Nicolas ya ci shi da Coupé a 1978. Amma motocin tsere ana warware ƙafafunsu a duba su a kai a kai, ita kuwa ta Baba ta shekara da yawa ba wanda ya leƙa cibiyar ƙafarta.

Abin da makanikan Damagaram ke kira rulma, na Kano kuma boris, zobe biyu ne na ƙarfe, a tsakaninsu akwai ƴan ƙwallaye ko ƴan sandunan ƙarfe masu mirginawa cikin giris. A kansa ƙafa ke juyawa, shi ke ɗauke da nauyin mota baki ɗaya. Wata ƴar roba ce ke toshe bakinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In robar ta bushe ta tsage, yashin hanyar Tanut da ƙurar hunturu su shiga su gauraya da giris, su dinga cin ƙarfe sannu a hankali. Da damina kuma, in cibiya mai zafi ta faɗa cikin korama, tana iya zuƙar ruwa, tsatsa ta kama. Ko ajiya ma illa ce: motar da ta daɗe a tsaye girisinta na daskarewa. Don haka lissafin kilomita kaɗai ba ya gaya wa mai tsohuwar mota gaskiya. Alamu ake bi, kuma huɗu ne.

Ta farko ita ce ƙara. A samu kwalta mai laushi, a kai gudun kilomita 60 zuwa 80 a awa, a saurara. In an taka kuloci ƙarar ba ta sake ba, ba daga inji take ba. In tana sakewa da sakewar hanya, a fara zargin taya. Amma in ta ƙaru lokacin da aka karkata hagu, galibi rulman dama ne, domin a kansa nauyi ya koma. Haka nan akasin haka.

Ta biyu ita ce lilo. A ɗaga ƙafar da jak, a tokare motar da kyau, a kama taya da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a girgiza. In ana jin ƙwas-ƙwas, a sa wani ya taka birki a sake gwadawa. In lilon ya ɓace, laifin na rulma ne. In yana nan, a nemi wani wurin.

Ta uku, a juya ƙafar da hannu. Lafiyayyen rulma shiru yake juyawa, wanda ya ci kuwa sai a ji kamar ana niƙa tsakuwa. Ta huɗu ita ce zafi: bayan tafiya a kusanto da bayan hannu ga kowace cibiya, a hankali. Wadda ta fi ƴar'uwarta zafi ƙwarai tana da magana, ko ta rulma ko ta birki mai kamawa.

To, yaushe ake gyara, yaushe ake sakewa? A ƙafar gaba ta yawancin motocin wancan zamani rulma biyu ne, na ciki da na waje, da noti mai daidaita su. In ɗan lilo ne kawai babu ƙara, a warware, a wanke, a duba a cikin haske. In ƙarfen sumul yake, a sa sabon giris da sabuwar roba, a ɗaure notin gwargwadon ƙa'ida, domin matsewa fiye da kima na ƙona rulma. Amma in an ga ramuka, ko tsatsa, ko ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi, magana ta ƙare: a sake duka biyun tare da zobbansu. Rulman da ya fara gurnani giris ba ya warkar da shi, ɓoye kukan kawai yake yi. Na baya kuwa da injin matsi ake cusa shi, kada a yarda a buga shi da guduma.

Na san abin da ke hana mutane. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 muka saba da kayan gwanjo, kuma a wasu sassan mota dabarar ta yi rana. Ban da rulma. Wanda aka ciro daga wata mota ba a san abin da ya gani ba, na jabu kuma kwalinsa ne kawai mai kyau. Araha ba ta ado. In rulma ya ƙone ana cikin gudu, ƙafa na iya cijewa ko ta fita ɗungum, kuma tsakanin Tanut da Agadas ba gareji a kowane zango.

Da muka dawo, Baba ya yarda aka ɗaga motar. Ƙafar dama ta gaba ce, girisinta ya koma baƙin yashi. An sake rulman, ya biya yana ƙorafi, amma jiya na gan shi ya nufi hanyar Magarya ba gurnani.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.