KUNNEN MAI BARCI A BUƊE YAKE: RADDI GA MASU YANKE HUKUNCI DA MAFARKI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin musibun da suka yi wa al'ummarmu katutu akwai yanke hukunci da mafarki. Yaro zai kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya farka yana sambatu, ya ce ya ji muryar tsohuwa wance tana kiransa. Nan da nan sai a garzaya wurin boka ko ɗan tsibbu, shi kuwa da ma jira yake yi, sai ya buga ƙasa ya ce ta kama kurwar yaron. A tara unguwa, a tilasta mata ta tsallake shi, a ci mutuncinta, 'ya'yanta mata su rasa manema. Ba a samun mai hankali ɗaya da zai tambaya: shin ba ita ce take magana a bayan danga ba a lokacin da yaron yake barci?

Ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani Allah Ya yi wa ido marfi, amma bai yi wa kunne ba. A aya ta 11 cikin Suratul Kahfi, da Allah Ya nufi samarin kogo da dogon barcin da ya kai shekara 309, kunnuwansu Ya ambata da toshewa. Imam Ƙurɗubi ya bayyana hikimar haka da cewa galibi ta hanyar ji ne barci yake yankewa. Haka nan ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Bilal yakan yi kiran salla tun da sauran dare domin ya farkar da mai barci. Ashe kuwa shari'a da kanta ta tabbatar mana mai barci yana ji.

Masu bincike ma sun iso ga wannan. A shekarar 1963, wani masani mai suna Ralph Berger ya riƙa ambaton sunayen mutane a kunnen masu barci daidai lokacin da suke mafarki, da aka tashe su sai ga sunayen, ko kalmomi masu kama da su, sun kutsa cikin mafarkin da yawa daga cikinsu. A shekarar 2021 kuma aka buga wani bincike da aka yi a kan mutum 36 a Amurka da Faransa da Jamus da Holan, inda aka yi wa masu mafarki tambayoyin lissafi, wasunsu suka ba da amsa daidai da motsin ido alhali ba su farka ba. Ƙwaƙwalwa tana karɓar sautin waje, ta ɗinka masa labari. Shi ya sa mai barci yakan ji ladan na unguwarsu ya ga kansa a Harami, ko ya ji dakan maƙwabta ya ga ana harbinsa da bindiga.

Za su ce mana: ai mafarkin ƙwarai yanki ɗaya ne daga yanki 46 na annabci. Haƙiƙa hadisin ingantacce ne, kuma ba ma musun sihiri ko kambun baka. To amma Annabin da ya faɗi haka, sallallahu alaihi wa sallam, shi ne ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, da baƙanta rai daga Shaiɗan, da zancen zuci. Wane boka ne yake da ma'aunin da zai rarrabe su a bakin yaron da zazzaɓi ya gigita? Ko mafarkin Abdullahi ɗan Zaidu game da kiran salla bai zama shari'a ba sai da Manzon Allah ya tabbatar da shi. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Al-I'itisam cewa ba a gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba, sai an auna shi da shari'a. Idan kuwa mafarkin salihin bawa bai isa hujja ba, ina ga sambatun majinyaci?

Sunna ta koya wa wanda ya ga abin ƙi a barci ya yi tofi a hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ya juya kwanciya, kada ya gaya wa kowa. Mu kuwa sai mu yi shela, mu jefi Musulma da maita ba shaida ba dalili, alhali jininta da dukiyarta da mutuncinta haramun ne a kanmu.

Saboda haka muna kira ga magidanta: yaron da zazzaɓi ya sa shi sambatu a yi masa addu'o'in da suka tabbata, a gaggauta kai shi asibiti, domin zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kisa, kuma lokacin da aka ɓata a zauren boka ba ya dawowa. Muna kira ga limamai su yi huɗuba a kan wannan zalunci, masu unguwanni kuma su daina zama shaidun ƙazafi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.