Ragon layya: wa ya biya sauƙin?

A watan Mayu na 2025, gab da babbar salla, gwamnati ta hana fitar da dabbobi daga Nijar, wai don rago ya yi sauƙi. Ma'aikaci mai jiran albashi ya yi murna, kuma ban ga laifinsa ba. Amma mai turken da ya share watanni yana sayen dusa da harawa, ya yi wa balaminsa rigakafi, yana sa ran masayan Abijan, shi aka tsare a kasuwar Turaku ta Yamai, dillali na yanka masa farashi. Ɗan fasa-ƙwauri kuwa ya san hanyar daji. Malam ma'aikaci, in jarin mai turke ya karye, wa zai sayar maka da lafiyayyen rago wata sallar?