A Bar Yara Su Saki Jirgin Leda

Jama'a, da iskar hunturu ta taso a Kalambaina, sai yara su haɗa leda da tsinken tsintsiya da zare, su saki jirginsu sama. Wasu iyaye su ce shiririta, su ɗauko bulala. Ni kam ban yarda ba.

Sinawa sun haura shekara 2000 suna yin nasu da gora da siliki. Manoman Maleshiya kan saki nasu, mai siffar jinjirin wata, bayan girbin shinkafa. Amma a Lahore ta Pakistan, zare mai garin kwalba ya yanka wuyan mutane, har hukuma ta taɓa hana wasan.

To, mu ɗauki na kirki. A bar yara su ƙera abinsu, amma bayan an tashi makaranta, a fili, nesa da wayoyin lantarki. Allah Ya tsare mana su, amin.