Matatar Kaduna Ba Takardar Tsari Ta Rasa Ba

A 1980 aka ƙaddamar da matatar mai ta Kaduna. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, daga baya aka faɗaɗa ta har ta kai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana. In aka haɗa da ta Warri da biyun da ke Fatakwal, matatun gwamnatin Najeriya na da ƙarfin tace ganga 445,000 kullum, a takarda. Da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya fitar da rahoton kuɗinsa da aka tantance a 2020, karo na farko a tarihinsa, sai ga shi ƙiri-ƙiri cewa a 2018 matatar Kaduna ba ta shigo da ko kwabo ba, alhali albashi bai tsaya ba, biliyoyin naira kuma sun tafi wajen riƙe ta.

Da zarar an kawo wannan zance a majalisar hira, amsar a bakin kowa take: gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, a sayar kowa ya huta. Ni dai ban gamsu ba, kuma dalilina yana Addis Ababa. Kamfanin jiragen saman Habasha na gwamnati ne ɗungurungum tun da ya fara tashi a 1946. Ya ga mulkin Sarki Haile Selassie, ya ga sojojin Derg, ya ga waɗanda suka kore su, bai daina tashi ba, yau kuma babu kamarsa a Afirka. Namu Nigeria Airways an rufe shi tun 2003, ma'aikatansa suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu. Duka biyun mallakar gwamnati ne, don haka mallakar ba ita ce cutar ba.

Dubi shugabanci kawai. Girma Wake ya riƙe kamfanin Habasha daga 2004 zuwa 2011, ya miƙa wa Tewolde Gebremariam, wanda a cikin kamfanin ya taso, shi kuma ya zauna har 2022. A 2010 suka zana tsarin shekara 15, suka cim ma manyan burikansa tun wa'adin bai cika ba, domin waɗanda suka zana shi su ne aka bari suka aiwatar. A wajenmu fa? Tsakanin 2009 da 2016 mutum bakwai suka hau kujerar shugaban NNPC: Mohammed Barkindo, Shehu Ladan, Austen Oniwon, Andrew Yakubu, Joseph Dawha, Ibe Kachikwu, sai Maikanti Baru. Ladan ko wata biyu bai cika ba. Babban gyaran matata aiki ne da ake shirya shi tun da nisa, a yi odar kayan gyara, a ware kuɗi, a tsayar da ranar kashe injina. Mutumin da bai san ko zai kai ƙarshen shekara a ofis ba, wane gyaran shekara uku zai sa a gaba? Abin da zai fi damunsa shi ne fuskar wanda ya naɗa shi, kuma ba na ganin laifinsa sosai.

Sannan ko da an bar shi, ina ikon yake? Manajan matata ba shi da ɗanyen man da yake tacewa, ba shi da fetur ɗin da ya fito, ladan tacewa kawai ake lissafa masa. Farashi gwamnati ce ta daɗe tana yankewa, kuɗin babban gyara kuma sai Abuja ta sa hannu. An ba shi jaki, an riƙe sanda da igiya, sannan ana tambayarsa me ya hana shi isa kasuwa.

Tsari na gaskiya zaɓi ne, har da zaɓin abin da za a haƙura da shi, kuma nan ne muke gudu. Ɗanyen man Kaduna ta bututu yake zuwa tun daga Escravos, ɗaruruwan kilomita ta dazuzzukan da masu fasa bututu ke cin karensu ba babbaka. Wani sashe na matatar ma an gina shi ne don mai mai kauri da ake shigowa da shi daga waje, saboda kwalta da baƙin mai. Kamfani mai mafaɗi da tuni ya zauna ya yi lissafi: a gyara duka, a gyara sashe, a nemi abokin tarayya, ko a rufe? Mu kuwa mun taɓa kowanne mun saki. A 2007 gwamnatin Obasanjo ta sayar da kaso mafi yawa na matatun Kaduna da Fatakwal ga rukunin Bluestar, wanda Aliko Dangote ke ciki. Gwamnatin 'Yar'aduwa na hawa cinikin ya warware. A 2021 majalisar zartarwa ta amince da dala biliyan 1.5 don gyaran Fatakwal, da kusan wannan adadi don Warri da Kaduna. An yi shagalin tashin ta Fatakwal a Nuwamban 2024, zuwa Mayun 2025 an sake kashe ta. Shi kuwa Dangote, wanda aka mayar wa kuɗinsa a 2007, ya je Lekki ya gina tasa mai ganga 650,000.

Ba sai mun je Habasha ba ma. Kamfanin iskar gas na NLNG da ke Bonny, kashi 49 cikin 100 na NNPC ne, sauran na Shell da TotalEnergies da Eni. Tun da ya fara fitar da iskar gas a 1999 yake aiki, yana zuba wa gwamnati riba da haraji. 'Yan Najeriya ne ke tafiyar da shi, makarantu ɗaya suka yi da na matatun. Abin da ya bambanta shi ne minista ba zai ɗaga waya ya sauya manaja ko ya karkatar da kuɗin gyara ba, don akwai masu hannun jarin da za su ce a'a.

Dokar man fetur ta PIA ta 2021 ta mayar da NNPC kamfani mai rajista, an sauya tambari a 2022. Amma har yanzu shugaban ƙasa ke naɗa hukumar gudanarwarsa, kuma a Afrilun 2025 sanarwa guda daga fadar shugaban ƙasa ta sauke Mele Kyari da hukumar baki ɗaya, ta kawo Bayo Ojulari. Ko sauyin ya dace ko bai dace ba, hanyar da aka bi tsohuwar ce.

Shi ya sa nake ganin 'yan majalisarmu na Arewa sun ɓata lokaci da tambayar yaushe matatar Kaduna za ta tashi. An sha ba su rana, ranar ta wuce. Su nemi a buga yarjejeniyar aiki tsakanin gwamnati da shugaban kamfanin: ganga nawa za a tace, nawa za a kashe, zuwa wace shekara, da sharuɗɗan da kaɗai za su sa a sauke shi kafin wa'adinsa. Su kuma nemi lissafin da ke nuna ko gyaran Kaduna zai mayar da kuɗinsa, ko da amsar ba za ta yi mana daɗi ba.