Daga Hakimcin Bichi zuwa Zaman Shari'a: Darasin da Muka Yi Watsi da Shi

Duk lokacin da damina ta kawo jiki, nakan tuna da rigimar iyakar gona da ta raba 'yan uwana biyu a ƙauyenmu da ke arewacin Kano. Sun shekara da shekaru suna zaryar kotu, har kuɗin mota da na lauya suka fi ƙimar filin. Alhali dagaci da dattawan unguwa sun san inda kakanmu ya dasa gambar da ta raba gonakin.

Wannan ya sa na waiwayi tarihin Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero. Kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1926, shi ne Ciroma kuma hakimin Bichi. Ɗansa Muhammadu Sanusi ma ta Bichin ya biyo, kafin ya gaje shi bayan rasuwarsa a 1953. A wancan zamani, wanda ya zama sarki ya zama babban mai shari'a ke nan, domin kotun sarki ce ke sauraron ƙararrakin ƙasa da na kisan kai. Saboda haka mutumin da ya zauna cikin manoma, ya san bambancin gado da aro da jingina, shi ne ke yanke hukunci a kan gona. A ƙasar da gona ke manne da gona, wannan sani ba ƙaramin jari ba ne.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Haɗa mulki da shari'a a hannu guda yana da haɗari, domin wanda ya sa aka kama ka, ta yaya za ka kai ƙararsa gabansa? Kukan da 'yan NEPU suka riƙa yi ke nan tun daga 1950, har gwamnatin soja ta ƙwace kotuna daga hannun En'e da dokar 1967. A ganina matakin daidai ne, amma garin gyaran gira mun rasa ido. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen karkara ga ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba sarakuna wani aiki ba, ga shi har yau talaka wurin hakimi yake fara kai kukansa.

Ba ina kiran a mayar wa hakimai ikon ɗauri ba ne. Shawarata ga Majalisar Dokokin Jihar Kano ita ce ta yi doka: rigimar gona ta fara da sulhu a gaban hakimi, a rubuta, shaidu su sa hannu, wanda bai gamsu ba ya wuce kotu da takardar. Dattawan da suka san iyakokin nan ƙarewa suke yi, gonakin kuma raguwa suke a kowane rabon gado. Allah Ya sa mu farga.