Daga Mustang zuwa Fijo 504: Abin da kewar tsofaffin motoci ke faɗa wa Abuja

A Moduganari, kamar sauran tsofaffin unguwannin Maiduguri, ba a rasa garejin da za ka tarar da wata Peugeot 504 a gefe, fentinta ya koɗe, tayoyinta sun sace, amma mai ita ya ƙi sayarwa. Idan hira ta biyo ta kanta, dattawan kanikawa da tsofaffin direbobi kan yi maganarta kamar suna tuna wani aboki da ya rasu. Su dai a wurinsu, tun da aka daina haɗa Fijo a Kaduna ba a sake yin mota ba.

Irin wannan kewa ba a nan kaɗai take ba. Amurkawa ma suna da nasu motocin da suke bege: Ford Mustang da Pontiac GTO da suka fito a 1964, da Dodge Charger da Chevrolet Camaro da suka biyo baya, masu manyan injina na silinda takwas, masu ruri da shan mai. Matashin ma'aikacin masana'anta na wancan zamani yana iya sayen ɗaya da albashinsa. Yau jikokinsa na kallon irinta a wuraren gwanjo, ana sayar da ita kan kuɗin da ya isa gina gida. Tsadar inshora da dokokin rage hayaƙi sun fara raunana waɗannan motoci, sai rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, ya ƙarasa su.

Wannan rikici da ya rufe zamanin manyan injina a Amurka shi ne ya buɗe zamanin mota ga ma'aikacin Najeriya. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, baitulmali ya cika, aka yi ƙarin albashin Udoji, kuma a 1975 kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Yana cikin masana'antu shida da gwamnati ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin waje, tare da Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi da kamfanin manyan motoci na NTM a Kano.

Maiduguri ta ɗanɗani wannan zamani sosai. Tun 1967 ita ce hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas, kafin a raba jihar a 1976 a fitar da Borno da Bauchi da Gongola. Ga Hukumar Raya Tafkin Chadi, ga jami'ar da aka kafa a 1975. Gari ne na ma'aikata, kuma ma'aikacin da ya kai matakin da ya dace yana samun bashin mota, a riƙa cirewa daga albashinsa kaɗan-kaɗan. Motar da akasari ke saye ita ce 504. Ta dace da ƙasar: tana da tsayi daga ƙasa, tana jure gargada da yashi, kuma bakanike mai sifana da filaya yana iya tayar da ita a bakin hanya. Wagon ɗinta ta yi jigilar fasinja daga Maiduguri zuwa Kano da Jos, da Gamborun Ngala da Baga, a shekarun da direba kan kama hanya da tsakar dare ba tare da fargabar komai ba sai barci. Mutumin Borno da ke kewar Fijo, rabin kewarsa ta waɗannan hanyoyi ce, waɗanda rikicin Boko Haram ya mayar da wasunsu sai da rakiyar sojoji.

Sauran rabin kuma ya shafi Abuja kai tsaye. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a cikin Marsandinsa a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, Peugeot ta zama motar hukuma. Na tsawon shekaru, babban sakatare da shugaban makarantar sakandare da direban tasha iri ɗaya suke hawa, bambancin kawai a sabunta ne da lambar gwamnati. Wannan ya ba kamfanin Kaduna kasuwa tabbatacciya, ya kuma sa kayan gyara suka wadata har ƙauye. Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba: jami'in da ke hawa irin motar talakawa yana jin ramin hanya kamar yadda suke ji.

Sai dai kewa takan ɓoye aibi, kuma ya kamata a faɗi na Fijo. Kaduna haɗawa take yi, yawancin muhimman sassan daga Faransa suke zuwa, har ma an yi shekaru ana ɗauko su a jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. Harka ce da ba ta yiwuwa sai da naira mai ƙarfi da kuɗin mai a hannu. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin gwanjo da ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam suka cika kasuwa. Manufar mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi da aka fara a 2003 ta rage sayen motocin hukuma. An daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, aka sayar da hannun jarin gwamnati a PAN a 2006, kuma bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012. Ita kanta motar, da kafireto take aiki, tana shan mai, ba ta da jakar iska ta kariya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ko masoyinta ba zai so ya yi zirga-zirgar yau da kullum da ita ba. Don haka duk mai kiran a dawo da 504 yadda take, bai yi lissafi ba.

Abin da ya cancanci a dawo da shi shi ne yarjejeniyar da ke bayanta, wato gwamnati ta sayi abin da ake haɗawa a gida, ma'aikaci kuma ya samu hanyar mallakar sabuwar mota da guminsa. A nan ne tarihin shekarun baya-bayan nan ba ya ƙarfafa gwiwa. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin bunƙasa masana'antar motoci, ta ɗaga kuɗin shigo da ƙananan motoci zuwa kashi 70 cikin 100 don kare masu haɗawa a gida. A 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma a wannan shekarar Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu kan Umarnin Zartarwa na 003, wanda ya ce ma'aikatu su fifita kayan gida. Amma a 2019 Shugaba Buhari bai sa hannu kan ƙudurin da zai mayar da tsarin motocin doka ba, sannan Dokar Kuɗi ta 2020 ta zaftare harajin ƙari na shigo da motoci daga kashi 35 zuwa kashi 5. Mai zuba jari da ya gina masana'anta bisa alƙawarin 2013 ya wayi gari an sauya masa sharaɗi cikin shekara bakwai.

Sannan ga misalin da shugabanni ke nunawa. A ƙarshen 2023 Majalisar Tarayya, mai sanatoci 109 da wakilai 360, ta sayi manyan motocin alfarma na waje, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai kusan naira miliyan 160. Hujjar da aka bayar ita ce lalacewar hanyoyi da buƙatar mota mai ƙarko. Hujja ce mai ban mamaki daga bakin masu amincewa da kasafin gyaran hanyoyin. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka amince da shi a Yulin 2024, sai ya tara albashinsa gaba ɗaya na fiye da shekara 190 kafin ya kai kuɗin mota guda. An yi wannan ciniki ne alhali Innoson na haɗa motoci a Nnewi, kamfanin Dangote Peugeot kuma ya fara aiki a Kaduna tun 2022.

A Mayun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan Najeriya, wadda ta ce kada wata ma'aikata ko hukuma ta sayi kayan waje da ake samu a gida sai da izinin Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati, BPP. Manufar tana da kyau a takarda, kamar yadda ta 2017 take da kyau. Makomarta tana hannun mutanen da ke karanta wannan shafi: daraktan sayayya da ke rubuta siffar motar da ake buƙata, da hadimin da ke shirya wa minista takardar neman izini. Kowa a sakatariya ya san yadda ake tsara siffa ta yadda mota ɗaya tak daga Japan ce za ta cika sharaɗi. Masu haɗawa a gida su ma da nasu laifin, domin hukumar da ta sayi mota ta rasa kayan gyaranta a Damaturu ko Yola ba za ta sake saye ba. Fijo ta yi nasara ne saboda kowane gari yana da bakaniken da ya san cikinta.

Maiduguri ta nuna muhimmancin wannan batu na gyara a Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa da dama na birnin. Motar zamani da ruwa ya shiga kwamfutarta da wayoyinta takan zama asara babba, ko ta yi watanni tana jiran kaya daga Legas ko Kano. Tsohuwar da ba ta da waɗannan na'urori, akan zubar da man injinta, a wanke, a busar, ta tashi. Wannan birni ne kuma, wanda aka hana hawa babur a cikinsa tun 2011 har Keke Napep ya mamaye titunansa, ya shiga sahun gaba wajen gwada motocin haya masu aiki da lantarki, waɗanda Shugaba Tinubu ya ƙaddamar tare da Gwamna Babagana Zulum a Disambar 2023. Ɗorewarsu ta dogara ne kan ko yaran da ke koyon aiki a garejojin Moduganari za su samu horo da kayan aikin gyara su, ko kuwa za a jira injiniya daga waje duk lokacin da batir ya samu matsala.

Su ma Amurkawa sun rufe wani babi: Dodge ta daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Chevrolet ma ta dakatar da Camaro. Amma kamfanonin da suka ƙera su suna nan, suna fitar da wasu motocin. Daga cikin shidan da Najeriya ta kafa a shekarun 1970, babu wadda ke aiki ko kusa da ƙarfinta na da. Ma'aunin da za a gane ko manufar 2025 ta bambanta da ta 2017 mai sauƙi ne: BPP ta riƙa wallafa sunayen hukumomin da ta ba izinin sayen motocin waje da dalilin kowannensu, sannan a leƙa wurin ajiye motoci na Sakatariyar Tarayya bayan kasafi biyu a ga abin da ke ciki.